Yadda Na Koyi Ganin Gonar Ubana

Ya ku 'yan'uwana 'yan makaranta, ku kasa kunne ku ji abin da ya same ni.

Sa'ad da nake makaranta a Gusau, malaminmu ya ba mu takarda da fenti da burushi, ya ce in mun tafi hutun damina kowa ya zano gonarsu. Tamu tana gindin dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu, daura da hanyar Tsafe. Kwana uku cur ina bin dawa kara bayan kara, kowane ganye kore shar. Da na kai wa Baba, sai ya ce, "Ɗana, wannan ai asabari ka saƙa, ina gonar?" Kunya ta kama ni, har na ƙudura na bar zane ke nan.

Da muka koma na gaya wa Malam. Ya yi murmushi, ya ba ni labarin wani gwanin zane na ƙasar Faransa, Claude Monet, wanda a 1890 da 1891 ya zana tarin hatsi na gonakin maƙwabtansa fiye da sau ashirin, wani da hantsi, wani da almuru, kowanne da launinsa dabam. Ya ce, "Ba hatsin ya dame shi ba, hasken da ke sauka a kansa yake farauta. Kai abin da ka sani ka zana. Koma ka zano abin da ka gani."

Da kaka na koma, na zauna da la'asar sakaliya, na ƙura ido. Ashe dutsen da na sani baƙi, cikin hazo shuɗi ne! Zangarniya kuwa ja ce da ratsin rawaya, inuwar kuka ma ba baƙa ba ce. Na shiga ɗiɗɗiga launi kusa da launi, ba gaurayawa, ina sauri kada rana ta kauce.

Baba ya karɓa ya kai kusa da ido, ya ce fenti ya zube mini. Na roƙe shi ya ja da baya taku biyar. Ya yi shiru, can sai ya ce, "La'asar ce, hunturu ya shigo, dawa ta isa yanka."

To, jama'a, kun ji. Kafin hannu ya koyi zane, sai ido ya koyi gani.