Duwatsun Jos: Abin Da Kyamara Ba Ta Nuna Maku

Mai karatu, na san ka sha ganin wannan a fim: jarumi na tsaye kan wani ƙaton dutse, jaruma na juyi a gefensa, ruwa na kwarara ta bayansu. Minti biyar waƙa ta ƙare, ka ce, "Kai, wurin nan ya haɗu!" To, ni dai a ƙarshen damina na bi wasu 'yan fim lokeshin a Jihar Filato, muka yi kwana uku. Na dawo da labari, na kuma dawo da targaɗe.

Mun bar Kano da asuba, muka bi ta dajin Falgore da Saminaka. Tun kafin mu shiga Jos iska ta canza. Garin yana kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa ko ba hunturu ba, da safe sai Bakano ya nemi rigar sanyi.

Ranar farko duwatsun Shere muka nufa, kamar kilomita 10 gabas da gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, kuma a nan ne ake da cibiyar da 'yan Man O' War ke koyon hawan dutse da igiya. A fim sai dai ka ga jaruma ta riga ta hau tana murmushi. Ba a nuna maka ta cire takalminta mai tsini ta riƙe a hannu, ga mai kyamara na haki, ga yara ɗauke da kaya a ka. Mun fi awa ɗaya muna hawa. Amma da muka kai sama, wallahi kowa ya yi tsit. Ga Jos shimfiɗe a ƙasa, ga gonakin Jarawa, ga gajimare kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Darakta da kansa ya ce kyamara ba za ta iya kwashe rabin wannan ba.

Washegari muka yi kudu. Mun tsaya a dutsen Riyom, kimanin kilomita 25 daga Jos, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su. Ikon Allah! Daga nan muka gangara Hawan Kibo, hanyar da direbobi ke shakka saboda kwana-kwana, har muka isa mafaɗar ruwa ta Assop, wajen kilomita 60 daga Jos.

A nan tsautsayi ya same ni. Wani yaro ɗan wurin ya ce mani, "Oga, kar ka taka inda ya yi kore." Ni kuwa ina son hoto kusa da ruwa, ga ni da takalmi sau-ciki mai santsi. Taku biyu na yi, gansakuka ta kwashe ni. Ba don yaron nan ya cafko rigata ba, da yanzu wani labarin kuke karantawa. Kafin mu tashi na lura da wani abin kunya: ledojin fiya wata da robobin lemo da baƙi irinmu suka watsar. A fim ba za ka gan su ba, don sai an share inda kyamara za ta haska.

Rana ta uku da ɗingishi na yi ta, don haka na tsaya cikin gari. Na shiga gandun namun daji da aka kafa a 1972, sannan gidan tarihi na 1952, wanda a kusa da shi aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Zariya.

Idan za ka je, ga shawarata. Ka sa kambas, ka riƙe ruwa da rigar sanyi. Ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, kuma ka ji maganarsa. Kar ka yi wanka a kududdufan da haƙar kuza ta bari. A ido gwanin sha'awa, amma zurfinsu ya ci mutane. Kar ka ratsa gonar acca ko dankalin wani ba sallama. Sannan ka tambayi halin da hanya ke ciki kafin ka fita, domin tun rikicin 2001 Filato ta sha fama da tashin hankali, musamman yankin Riyom da Barikin Ladi. Ka koma masauki kafin magariba.

Waƙar da muka je ɗauka ba ta wuce minti biyar ba. In ta fito ka kalla, ka ji daɗinka. Amma in Allah ya hore maka kuɗin mota, ka je ka ga dutsen da idonka, kuma ka dawo da ledarka a aljihu.