Daga Ƙafa Biyu Zuwa Ƙafa Uku

Keke mai ƙafa uku ya zama ɗan gari a ƙasarmu. A Ikko ana ce da shi Keke Marwa, da sunan gwamnan soja da ya yi mulki can daga 1996 zuwa 1999. A Kano sunansa A Daidaita Sahu, a sauran wurare kuwa Keke Napep. Sa'ad da aka hana acaɓa a cikin Abuja a 2006, da Kano a 2013, samari da yawa suka sauka daga babur suka shiga keke. Yau su ne ke kai 'ya'yanmu makaranta, su kai matanmu kasuwa da asibiti.

Mu ma mun bi sahu, ko da yake ba don haya ba. Shekara goma sha bakwai muna hawan babur zuwa makaranta. Da iyali suka ƙaru, muka ɗauki adashen malamai muka sayi tsohon Bajaj. Abokai suka ce, "Ai wanda ya iya ƙafa biyu, ƙafa uku wasa ne." To, ya mai karatu, wannan magana ce muke so mu gyara, gama akwai rai a cikinta.

Abu na fari shi ne kwana. Mai babur ba ya juya kan babur sosai. Jikinsa yake karkatawa, babur ya kwanta tare da shi, su sha kwana kamar abu guda. Keke kuwa ba ya kwanciya. Sai ka juya kansa da ƙarfin hannu, nauyinsa kuma yana janka zuwa waje. In ka shiga kwana da gudun da ka saba, tayar baya ta ciki za ta ɗaga, keken ya kife da mutanen da ke ciki. Saboda haka a rage gudu tun kafin kwana, ba a tsakiyarta ba. Mun yi mako biyu muna zagaya filin ƙwallon makaranta da yamma, ba kowa a baya, kafin muka yarda muka ɗauki ko ɗan autanmu.

Na biyu, faɗi. Idon mai babur ya saba da neman 'yar siririyar hanya tsakanin ramuka. Amma keke sawu uku yake bari a ƙasa. Tayar gaba takan wuce lafiya, ta baya ta faɗa rami ko ta goge bakin kwalbati. Wurin da kan keke ya shiga, ba lalle ne bayansa ya shiga ba. Haka kuma in hanya ta karkace, babur yakan tsaya a miƙe, keke kuwa sai ya karkace tare da ita.

Na uku, hannu da ƙafa sun yi musayar aiki. A babur, ƙafar hagu ke sa giya. A keken da muke da shi, giya da kuloci duka suna hannun hagu, birki yana ƙarƙashin ƙafar dama, ga kuma ribas wanda babur ba shi da shi. In aka tsaya, ƙafa takan so ta nemi ƙasa kamar dā. Kada a bar ta, gama tayar baya tana nan tafe a inda za ta sauka.

A aji mun daɗe da sanin wani abu. Yaron da bai taɓa riƙe fensir ba ya fi sauƙin koyarwa bisa ga wanda ya saba riƙe shi a karkace. Haka yake a nan. Sabon shiga yana jin tsoro, tsoron kuwa yana tsare shi. Gwanin babur ba ya tsoro, jikinsa kuma yakan yi abin da ya saba tun bai yi tunani ba. Ashe gaskiya ne, sabo turken wawa.

Iyaye, ga roƙonmu. Ku san mutumin da ke ɗaukar yaranku kowace safiya. Ku tambaye shi yaushe ya fara tuƙin keke, ba yaushe ya fara babur ba. Ku dubi yadda yake shan kwana. Kujerar baya ta manya uku ce. Kada ku yarda a cusa yara takwas, waɗansu a gefen direba suna tare masa hannu. Ƙananan su zauna tsakiya, manyan a bakin ƙofa.

Yanzu mukan isa makaranta a makare da minti goma bisa ga zamanin babur, sai muka koyi fita da wuri. Ruwan sama ba ya dukan littattafanmu, uwargida kuma ta daina riƙe numfashi a hanya. Ku kuma 'yan'uwanmu da kuka bar acaɓa, kada ku ji kunyar komawa ɗalibai na 'yan makonni. Allah ya kai mu gida lafiya, mu da abin da muka ɗauko.