Rahul Dravid da Lissafin Haƙuri

A cikin alƙaluman da Rahul Dravid ya bari a wasan kurket, akwai guda da ba kasafai ake ambata ba: 31,258. Wannan ne adadin ƙwallayen da aka jefo masa a wasannin Test 164 da ya buga daga 1996 zuwa 2012, kuma har yau babu wanda ya tsaya gaban jifa mai yawan haka. Sachin Tendulkar, wanda ya buga wasanni 200 ya kuma fi kowa tara maki, bai kamo shi ba. Idan aka haɗa lokacin da Dravid ya shafe a fili yana bugu, ya kai minti 44,152, wato wata guda cur, dare da rana.

Ba a gane nauyin wannan adadi sai an san yadda wasan yake. Test wasa ne na kwana biyar, kowace ƙungiya tana da zagaye biyu na bugu. Mai jifa yakan rugo ya wurgo ƙwallon fata mai tauri, wani lokaci da gudun da ya haura kilomita 140 a awa, mai bugu kuma yana riƙe da faffaɗar sanda yana kare turaku uku da ke bayansa. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba a wannan zagayen. Dravid yakan shiga a matsayi na uku, sau da yawa lokacin da ƙwallon take sabuwa tana karkacewa a iska. Duk jifar da ya tare tana rage ƙarfin masu jifa, tana kuma dusashe ƙwallon, sai bugu ya zo da sauƙi ga waɗanda ke biye da shi. Allon maki ba ya nuna wannan aikin, amma shi ya sa aka yi masa laƙabi da Katanga.

An haife shi a Indore a ranar 11 ga Janairu, 1973, ya tashi a Bangalore. A wasansa na farko, a filin Lord's na Landan a 1996, ya tara maki 95, saura biyar ya cika ɗari. A wannan wasan ne Sourav Ganguly, shi ma sabon shiga, ya yi 131, hankali ya koma kansa. Haka rabonsa ya riƙa kasancewa: ya yi aikin, wani ya kwashi tafin.

Birnin Kolkata ya sake nuna haka a watan Maris na 2001. Ostireliya ta iso da nasara 16 a jere, ta kuma bar Indiya a baya da maki 274 bayan zagayen farko, har ta tilasta mata sake bugu nan take. An sauke Dravid zuwa matsayi na shida, aka ba VVS Laxman gurbinsa. Su biyun suka yi bugu yini na huɗu gaba ɗaya ba a fitar da ko ɗayansu ba, suka haɗa maki 376. Indiya ta ci wasan. Ana tuna 281 na Laxman, kuma ya cancanta, sai dai da ba a samu wanda ya tsaya a ɗaya gefen ya yi 180 ba, da labarin ya sha bamban.

Akwai ranakun da babu mai raba shi da yabo. A Adelaide a 2003 ya yi 233, ya ƙara da 72 ba a fitar da shi ba, Indiya ta doke Ostireliya a gidanta. A Rawalpindi a 2004 ya yi 270, makinsa mafi yawa, Indiya ta lashe jerin wasannin Test a Pakistan karo na farko. Ya ɗanɗani ɗaci ma: yana kyaftin aka fitar da Indiya tun zagayen farko na Kofin Duniya na 2007. A Ingila a 2011, yana da shekara 38, Indiya ta sha kashi a duka wasanni huɗu, shi kuwa ya cika ɗari sau uku. Ya yi ritaya a Maris na 2012 da maki 13,288 da ɗari-ɗari 36.

A kowace ƙwallo ɗari, maki 42 da ɗoriya yake samu. A kurket na T20, wanda ake kammalawa cikin awa uku zuwa huɗu, wanda kuma gasar IPL ta mayar da shi babbar kasuwa tun 2008, mai irin wannan tafiyar ba zai samu gurbi ba. Kuɗi da 'yan kallo sun karkata can, yara masu tasowa suna koyon bugun da ake saye. Wannan ne dalilin da ya sa 31,258 zai yi wuyar karyawa: kasuwar ba ta biyan wanda ya ƙware wajen barin ƙwallo ta wuce.

Dravid bai yi gaba da sabon salon ba. Ya horar da matasan Indiya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ɗauki Kofin Duniya a 2018, sannan a 2024 babbar ƙungiyar ta lashe Kofin Duniya na T20 a Barbados yana kocinta. Kofin da bai taɓa ɗagawa yana ɗan wasa ba, ya riƙe shi yana da shekara 51, a nau'in wasan da ya fi kowanne gaggawa.