Ni da tsohuwar motar babana

  Yau labarin kaina zan ba ku, ni da wata tsohuwar mota. Akwai abin kunya a cikinsa, amma zan faɗe shi yadda ya faru.

A bayan gidanmu, gindin wata bishiyar bedi, akwai motar da babana ya bari. Sunanta Kombi, ƙirar kamfanin Volkswagen na ƙasar Jamus. Ƙaramar bas ce. Da ita Baba ya ciyar da mu. Ranar kasuwa ya ɗauki mutane da buhunan hatsi da gujiya ya kai Maradi, ya komo da gishiri da sabulu. Wata rana ta tsaya. Baba ya ce sai bayan kaka zai gyara ta. Kaka ta zo ta wuce, ciwo ya kama shi, har Allah ya yi masa rasuwa. Mota ta yi shekara kusan 20 a wurin. Tayoyi suka nutse cikin rairayi, kaji suka mai da ita akurki.

Bara, bayan an gama girbi, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo garinmu. Suka taya ta. Yayana ya kira ni ya ce:

"Ƙane, motar nan gado ce, da hakkin kowa a ciki. Mu sayar, mu raba, a sai wa Inna hatsi."

Na ce: "Yaya, ka yi mini haƙuri shekara guda. In kaka ta zagayo injin bai tashi ba, ni da kaina zan kira su."

Ya yi shiru, sannan ya ce: "To, na ji. Amma na san halinka."

Gaskiya ya san halina. Ni mutum ne mai son taɓa komi. Ina da tantabaru. Ina da ƴar garka bakin rijiya, da zogale da tumatir da salati. Ina son buɗe tsofaffin rediyo in ga cikinsu, har mutane suka riƙa kawo mini nasu, guda 7 suna jibge a ɗakina. Ga kuma aikina na koyarwa da dare. Duk da haka na ƙara wa kaina mota.

Bari in ɗan gaya muku wace irin mota ce, don ku san abin da na ɗauko. An fara ƙera Kombi a 1950 a garin Wolfsburg na Jamus. Ta farko madubin gabanta rabe yake gida 2. Daga 1967 aka fito da mai babban madubi guda, irin ta Baba ke nan. Ta ƙarshe a ƙasar Birazil aka yi ta, cikin Disamba 2013. Kun ga shekara 63 ke nan ana yin ta. A Legas irinta ce aka fara kira danfo. Yau a Turai da Amurka akwai masu neman tsofaffinta, su gyara su ajiye don sha'awa.

Injinta a baya yake, ƙarƙashin wurin kaya. Fistin 4 gare shi, a kwance, 2 dama 2 hagu. Irin ta Baba ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa ko kaɗan. Iska ce ke sanyaya ta. Akwai fanka a saman injin, bel guda ke juya ta, ita kuma tana hura iska a kan ƙarfen da ya yi zafi. In bel ɗin ya tsinke, direba ya ci gaba da tafiya, nan da nan inji ya ƙone. A ƙasa irin tamu mai zafi da ƙura, wannan ba abin wasa ba ne.

Da farko na shiga aiki da zafi. Cikin kwana 3 na kwance duk abin da hannuna ya kai. Na cire karbureta, na cire buji, na cire kwanonin da ke rufe da injin. Noti da kusoshi na zube su kan tabarma. Na ce ai zan tuna wurin kowanne.

Rana ta huɗu wani maƙwabci ya zo neman rediyonsa. Na ji kunya, na bar mota na koma kan rediyo. Ina cikin rediyo sai na tuna gidan tantabaru ya ɓalle. Na bar rediyo a buɗe na tafi neman kara. Ina cikin wannan aka ce awaki sun shiga garka. Haka na yi ta yi, yau nan gobe can. Kullum da dare in kwanta a gajiye, amma in aka tambaye ni me na gama, babu.

Sai da na yi wata 2 ban waiwayi mota ba. Ranar da na koma, na iske yara sun kwashe noti suna wasan dara da su. Iska ta binne sauran cikin rairayi. Waɗanda na tsinto kuma ban san wurinsu ba. Tumatir ya bushe don rashin ban ruwa. Muzuru ya shiga ta inda ban gyara ba, ya cinye mini tantabaru 5. Rediyon maƙwabcina yana nan a buɗe. Kuma na riga na kashe jikka 15 wajen sayen fenti shuɗi, don ina mafarkin ranar da za a gan ta tana ƙyalli. Motar da ko tari ba ta yi ba, na sai mata fenti!

Mai ɗakina ta dube ni ta ce: "Malam, taura biyu ba ta taunuwa. Kai ga shi ka cika baki da guda huɗu."

Ban ce komi ba, don ba ni da abin cewa.

Ranar kasuwa na tafi Maradi wurin wani tsohon makanike, wanda ya san motar tun zamanin Baba. Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce:

"Ɗana, fenti ke tafiya da mota?"

Na ce: "A'a, Baba."

Ya ce: "To, ka ajiye shi ƙarƙashin gado. Inji tukuna. In ya tashi, birki. In birki ya kama, wuta da tayoyi. Fenti shi ne auta. Kuma kada ka sake kwance abu biyu rana guda."

A hanyar komowa na yi ta tunani. Na ga maganarsa ta wuce mota, ta shafi dukan ayyukana. Da na iso gida na raba su kashi 3.

Kashi na ɗaya, masu rai: garka da tantabaru. Su ba su jira. Na ba su safiya, daga sallar asuba zuwa hantsi, kullum. Na rage garka, na bar zogale kawai da ɗan salati, abin da guga 10 ke ƙosarwa.

Kashi na biyu, kayan mutane: rediyo. Na gyara 2 da nake iyawa. Sauran 5 na mayar wa masu su, na ba su haƙuri. Akwai nauyi, amma ya fi a riƙa yi mini kallon mai riƙe amana ba ya sakewa.

Kashi na uku, mota. Na ba ta Lahadi sukutum. Ranar ba rediyo, ba yawo. Kuma aiki guda kawai zan sa gaba, sai ya ƙare in taɓa wani.

Na tara gwangwanayen tumatir, kowane na sa masa lamba. Abin da na kwance daga wuri guda, gwangwani guda zai shiga. Na samu littafi na riƙa rubuta lambar da wurin da abin ya fito, wani lokaci har da ɗan zane. Da na yi haka tun farko, da ban yi Lahadi 3 ina tankaɗe rairayi da rariya ina neman noti ba.

Injin ya ƙage, ba ya juyawa. Tsohon ya ce kada in tilasta masa. Na zuba ɗan baƙin mai ta ramukan buji, na bar shi ya jiƙa. Kowace Lahadi in sa sifana in gwada a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. A Lahadi ta huɗu na ji ya motsa. Wallahi sai da na zauna a ƙasa don murna.

Da na buɗe gidan fanka, na iske ɓeraye sun cika shi da tsumma da kara. Da na tada injin a haka, iska ba za ta wuce ba, da ya ƙone a ranar. Na share shi tas. Na mai da kwanonin rufi duka, don su ne ke bi da iska inda ake son ta. Na zubar da tsohon mai, na wanke ƴar ragar da ke tace shi a ƙasan injin, na zuba sabo lita 2 da rabi. Na daidaita bawul da sassafe, inji yana sanyi, da ɗan siririn ƙarfen awo mai lamba 0,15. Na sa sabon bel da wani direba ya sayo mini daga Kano.

Abu guda nake roƙon duk mai tsohuwar mota ko babur ya riƙe. Robar da isansi ke bi ta ciki tana tsufa, tana tsagewa. A Kombi tankin yana dab da injin. In isansi ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi, gobara ce. Na sake robar duka kafin in kawo batir kusa.

Damana ta faɗi, aikin gona ya ci wasu Lahadin. Na rufe injin da leda da tsohuwar tabarma, na yi noma kamar kowa. Wannan karon ban ruɗe ba, don littafina yana gaya mini inda na tsaya.

Ana cikin yankan hatsi na aro batir. Yayana ya zo, Inna ta fito da kujerarta, yara suka cika wurin. Na murɗa makulli. Shiru. Na sake, ta yi tari sau 2 ta mutu. Na duba littafi, sai na ga na sauya wayoyin buji 2. Tsarin wutarta 1, 4, 3, 2 ne, ni kuwa na juya. Na gyara, na yi bisimilla, na murɗa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, sai ga ƙarar nan da muka sani tun muna yara. Inna ta rufe fuska da gyale.

Yayana ya daɗe tsaye yana saurare. Can ya ce: "Ƙane, birki fa, nawa zai ci?"

Na gaya masa. Ya ce rabi yana wuyansa.

Kada ku ce an gama. Har yanzu ba ta hau hanya ba. Birki saura, tayoyi saura, ƙasanta tsatsa ta ci, sai mai walda ya zo. Fenti yana nan ƙarƙashin gado yana jiran ranarsa. Amma zogalena ya yi kore, tantabaru sun ƙyanƙyashe, kuma ba wanda ke bi na bashin rediyo.

Ƴan uwa, na san da yawanku akwai abin da kuka fara kuka bari: amalanke mai karyayyar ƙafa, rumbun da ba a yi wa jinka ba, keken ɗinki da ya ƙage. Ku zaɓi guda. Ku ba shi ranarsa, ku fara da abin da ya fi muhimmanci a jikinsa, sauran su jira. Sannu ba ta hana zuwa.

In Allah ya kai mu, ranar da ta fara tafiya Inna zan fara ɗauka, a kujerar gaba, inda take zama zamanin Baba. Zan ba ku labari. Allah ya bar mu tare.