Sabuwar Waƙa Cikin Tsohuwar Riga

A Amurka akwai makaɗan da kan ɗauki waƙoƙin rok masu tashe su sake kaɗa su da salon rokabili, wato tsohon kiɗan da Elvis Presley ya fito da shi a Memphis cikin 1954. Shi ma Elvis waƙar Arthur Crudup ta 1946 ya ara ya sauya mata riga. Mu ma ba baƙonmu ba ne: Abdu Yaron Goge ya kaɗa waƙar Indiya da goge, 'yan bandiri a Kano suka juya irinta begen Annabi.

Abin da ke damuna, ni ɗan Birnin Gwari, shi ne yau tsohuwar waƙa kaɗai muke ɗorawa kan fiyano. Ba mai kai wa kalangu ko gangar noma sabuwa. Shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin Kamuku, gayya ta mutu a ƙauyenmu, in kuwa ba gayya, wa zai kira makaɗi? Kawuna ya rataye gangarsa har fata ta tsage, ɗansa ko riƙon gula bai iya ba.

Waya tana ajiye murya, amma ba ta ajiye hannu. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, hutun nan ku kai wa tsohon makaɗin garinku waƙar da samari ke yayi, ku biya shi ya kaɗa ta. Ranar da yara suka ji tasu waƙar a bakin ganga, su da kansu za su roƙi a koya musu.