Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Ƙananan Abubuwan Daɗi a Ƙasar Ruwan Bore

Ruwan Bore ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Gusau, maƙwabciyar Mada da Wonaka, a yankin da ƙasar Gusau ke kusantar ta Tsafe da ta Bungudu. Mafi yawan 'yan Najeriya da suka taɓa jin sunan, a labarai suka ji shi, kuma ba labarin alheri ba. A watan Fabrairu na 2019 sunan ya shiga manyan jaridun ƙasa saboda harin da 'yan bindiga suka kai garin. Haka abin yake ga garuruwa da dama na Zamfara: duniya ba ta sanin sunansu sai ranar da aka yi musu ɓarna, daga nan kuma sunan ya zauna a kunnen mutane tare da adadin waɗanda aka rasa.

Amma idan aka zauna da mutumin da ya tashi a wannan yanki, wanda aiki ya kai shi Kaduna ko Abuja ko Legas, aka tambaye shi abin da yake kewa, ba kasafai yake ambaton wani babban abu ba. Zai ambaci ƙamshin ƙasa a daren da ruwan farko ya sauka. Zai ambaci hoce mai ɗumi, da ɗanyar gyaɗa da aka dafa a bakin gona, da kwanan tsakar gida a kan tabarma lokacin bazara, yara suna ƙirga taurari har barci ya kwashe su. Wanda bai san ƙasar ba zai iya ɗaukar wannan a matsayin surutun mai kewar ƙuruciya. Sai dai duk wanda ya duba jerin da kyau zai ga cewa kowane abu a cikinsa yana da sharaɗi. Gyaɗar bakin gona tana buƙatar gonar da ake iya zuwa. Kwanan waje yana buƙatar daren da ba a jin ƙarar babura. Ashe abin da mutumin ke lissafawa shi ne zaman lafiya, a cikin sifar da ɗan'adam ke iya taɓawa da ɗanɗanawa.

Hanyar gida ita ce wuri na farko da wannan ke bayyana. Matafiyin da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa, da ya wuce Yankara ya shiga Wanzamai ya san ya taka ƙasar Zamfara. Tun kafin allo ya gaya masa, kunnensa ya riga ya gaya masa. Fura ta koma hura, lafiya ta koma lahiya, mai talla a bakin taga yana tambayar “mi” ake so. Ɗan Zamfaran da ya shekara yana gyara harshensa a ofis, a nan yake sakinsa, kamar mai cire takalmin da ya matse shi. Daga nan sai Tsafe, sai 'Yandoto, tsohon garin malamai da ya shahara da karatu tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda har yau sarkin Tsafe ke ɗauke da sunansa a sarautar 'Yandoton Tsafe. Can gaba kuma dutsen Kwatarkwashi ke tasowa, dutsen da aka san shi a da da bikin kamun maiki. Ga yaron ƙauye da aka fara kaiwa birni, ganin wannan dutse ta tagar mota shi ne alamar cewa Gusau ta kusa.

Ita kanta Gusau, garin Malam Sambo Ɗan Ashafa, ta daɗe tana zama iyakar duniyar yaran karkarar da ke kewaye da ita, tun kafin ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, shi ya mayar da ita cibiyar cinikin gyaɗa da auduga. Daga baya aka samu masaƙa da kamfanin man gyaɗa da kamfanin alewa. Masanin tattalin arziki zai yi bayanin waɗannan da alƙaluma. Dattijon Ruwan Bore kuwa abin da ya riƙe shi ne kukan jirgin ƙasa da ya fara ji, da alewar da mahaifinsa ya ciro daga aljihu a matsayin tsaraba. Dukansu biyu tarihi suke bayarwa, amma na dattijon ne ba ya cikin kundin kowace ma'aikata.

A da, daɗin wannan hanya shi ne ba a tunaninta. Mutum yakan tashi bayan la'asar, ya tsaya ya yi sallar magariba a wani gari, ya sayi rake ko tsire, ya isa gida da dare ba tare da kowa ya ɗaga hankali ba. Yau tafiyar ta zama lissafi. Ana tambayar direbobi yadda hanya ta kwana, ana ƙoƙarin wuce wasu wurare da rana tsaka, waya ba ta daina ƙara har sai an ce an sauka. Da yawa daga cikin ma'aikatan da suka fito daga waɗannan ƙauyuka sun koma yin Sallah a Gusau, wasu ma sun ɗauko iyayensu gaba ɗaya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu karin maganar ba su yi zaton ranar da hanya ce za ta raba mutum da gida alhali zuciyarsa na can ba.

Watan Satumba na 2021 ya nuna wannan a fili. A lokacin ne aka katse layukan waya a faɗin jihar, bayan gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, duk da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin samun labari da kayan masarufi. Ko mene ne ra'ayin mutum game da amfanin matakin, ya koya wa jama'a abin da ranar kasuwa take. Kasuwar ƙauye wurin saye da sayarwa ce, amma kuma a nan ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu, a nan ake aika saƙo, a nan saurayi ke hango budurwa, a nan tsoho ke samun abokin hira a rumfar mai goro. Da aka rufe ta, mako ya rasa ƙashin bayansa, ranaku suka zama iri ɗaya.

Ƙirƙira ma a irin wannan ƙasa take tsiro. Yaron Ruwan Bore ba ya jiran a sayo masa abin wasa. Bayan girbi, karan dawa ya wadata: ya fere ɓawon, ya yanka totuwar, ya haɗa mota har da ƙofofi, ya yi mata ƙafafu da sakaina. Yarinya tana koyon saƙar faifai a gefen kakarta, tana zaɓen inda jan kaba zai shiga da inda baƙi zai fito. Matan gida uku a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafawa kafin ta dawo, aikin daka ya koma kiɗa. A gonar gayya ganga ce ke sa ƙato ya manta da zafin rana. Da dare kuma, idan farin wata ya fito, dandali ya cika da gaɗa da langa da tatsuniya.

Manyan makaɗan da Zamfara ke alfahari da su daga wannan turɓaya suka fito. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya fara da kiɗan noma kafin ya zama makaɗin fada. Sa'idu Faru da Kassu Zurmi da Sani Sabulu na Kanoma duk sunayen garuruwansu ne ke manne da nasu, garuruwan da ba su fi sauran ƙauyuka komai ba sai dai an samu mai kunne da baki a cikinsu. Babu wanda ya buɗe musu makarantar waƙa. Sun tashi ne a inda ake taruwa, ana sauraro, ana gyara wa yaro kari idan ya karkace. Saboda haka idan dandali ya mutu, gayya ta gagara, asarar ba ta tsaya ga nishaɗin dare ɗaya ba. Makarantar ce aka rufe, kuma ba za a gane girman asarar ba sai nan da shekaru, lokacin da za a nemi magadan waɗancan makaɗa a rasa.

A cikin duk ƙananan abubuwan nan, babu wanda ya kai ƙwaryar hura da nono ɗaukar ma'ana. Gero na manomi ne, nono na makiyayi ne, ba ta haɗuwa sai kowa ya kawo nasa. Shekara da shekaru Bafulatana na shigowa gari da ƙwarya a ka, ta zauna a inuwar da aka san ta da ita, ta san sunayen yaran gidajen da take shiga, ana yi mata barkwanci tana ramawa. Bayan girbi shanu su shiga gona su ci kara, su bar taki. Babu takardar da aka sa wa hannu, amma yarjejeniya ce da ake sabuntawa kullum da ludayi. Rikicin da ya addabi Zamfara ya cuci manoma, ya kuma cuci makiyaya da yawa waɗanda aka kwashe wa shanu ko aka shafa wa laifin da ba su yi ba. A duk inda mai nono ta daina shigowa gari, ko aka daina sakin fuska idan ta shigo, wani abu ya karye wanda ba a gyara shi da sanarwa.

Mai karatu na iya cewa: ana biyan kuɗin fansa, ana barin gonaki, wa ke da lokacin zancen hoce da motar kara? Tambaya ce mai nauyi, kuma akwai haɗarin da take nunawa. Sau da yawa ana amfani da kalmomin haƙuri da godiya a rufe bakin talaka, a ce masa ya gode wa Allah da ɗan abin da ya samu, alhali masu alhakin kare shi sun yi sakaci. Ƙana'a halin kirki ce, amma ba ta sauke wa hukuma nauyin da ke kanta.

Sai dai lura da ƙananan abubuwan daɗi, idan aka yi shi da gaskiya, kaifafa buƙata yake yi. Mutumin da ya tuna dalla-dalla yadda rayuwa take a da, ba a iya ruɗarsa da cewa komai ya daidaita. Hukuma na auna tsaro da yawan bindigogin da aka ƙwace da yawan mutanen da aka kuɓutar. Mutumin ƙauye yana da nasa ma'aunin, kuma ya fi wuyar yi wa maguɗi: shin mai shayi na kaiwa tsakar dare a bakin tasha? Shin ana kai amarya wani gari bayan isha'i? Shin manomi na zuwa gonarsa ta nesa ba tare da ya biya kowa ba? Ranar da amsoshin suka zama e, lafiya ta dawo, ko an yi taron manema labarai ko ba a yi ba. Haɗarin da ya fi girma shi ne a samu zuriyar da ba ta san waɗannan tambayoyi ba. Yaron da aka haifa a gudun hijira a gefen Gusau, wanda bai taɓa kwana a waje ba, bai taɓa ganin dandali ba, zai ɗauka haka duniya take, kuma wanda bai san abin da aka ƙwace masa ba, ba zai nemi a dawo masa da shi ba.

A nan aikin masu ilimi yake. Adabin Hausa yana da labaran tafiya: Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan zuwansa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan tafiye-tafiye ne masu nisa, na ganin abin da ba a saba gani ba. Gajeriyar tafiya daga Ruwan Bore zuwa Gusau a bayan akori-kura ranar kasuwa ba ta samu marubuta ba, don kowa na ganin ba labari ba ce. A Japan, kimanin shekara 1000 da suka wuce, wata baiwar Allah a fadar sarki mai suna Sei Shonagon ta riƙa rubuta jerin abubuwan da ke faranta mata rai da waɗanda ke ɓata mata, ƙanana ƙwarai, irin su yanayin asuba da launin tufafi. Fadar ta shuɗe, amma ta hanyar jerin nata ake sanin yadda rayuwa take a cikinta.

Irin wannan aiki ba ya buƙatar tallafi daga ƙasar waje. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan baka da waƙoƙinsu, kuma saboda irin ƙoƙarinsa ɗalibai ke da abin karantawa a yau. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da aka kafa a 2013, cike take da 'ya'yan waɗannan ƙauyuka. Kowane ma'aikaci da ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye yana da waya a aljihu. Zai iya zama kusa da ita bayan sallar isha'i ya ce, “Inna, yaya ake yin hoce tun daga jiƙon dawa? Wace waƙa kuke yi a kan turmi? Mene ne sunan fadamar da ke bayan gari, kuma wace bishiya ce a bakinta?” Ya naɗa, ya rubuta, ya karanta wa 'ya'yansa da harshen da ta faɗa, da hurarta da lahiyarta, kada ya gyara.

Tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, da yawansu a ɗakunan haya nesa da garkar da suka tsufa a cikinta. Kowace ta tafi, takan tafi da sunayen gonaki da rijiyoyi da waƙoƙin da ita kaɗai ta rage da su. Ranar da hanya za ta buɗe, masu komawa Ruwan Bore za su buƙaci kwano da siminti da iri. Za kuma su buƙaci sanin inda dandali yake, da inuwar da mai nono ke zama.