Sanyin Safe, Zafin Rana

'Yan'uwana mata, hunturunmu na Kusa, nan bakin iyakar Nijar, fuska biyu gare shi. Wata Lahadi cikin Janairu na tafi kasuwar Jibiya, daga shimi sai gwado mai kauri. Da rana ta take, zufa ta jiƙa ni, ga mutane, ba halin tuɓewa. Da maraice iska ta buge mu, ni da goyona muka kwana bakwai muna tari.

Yanzu shimi nake sawa, da rigar atamfa, da 'yar suwaita, sa'an nan gyale. Iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. In rana ta yi, suwaita ta zama gammo. Gyalen kuwa nakan zaɓi mai shiga da ɗankwali, kada kishiya ta sami abin faɗi.